Farin Zare Kan Farar Shadda

Jama'a, yau dai zan ba ku labarin ranar da gyalena ya kama wuta a gaban abokan Baba, kuma ko zare ɗaya bai ƙone ba. Masu turo min saƙo suna cewa na cika jan rai, to ku gyara zama. Amma don Allah kada wanda ya yi min dariya, don har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Fiddausi, a Dutse Uku gidanmu yake. Babana Malam Ishaku mai ɗinkin hannu ne, ba na keke ba. In kun taɓa ganin babbar riga mai aska takwas a jikin wani babban mutum a garin Jos, kuka ji kamar ku kai hannu ku shafa, to da wuya in ba daga zaurenmu ta fito ba. Shekara talatin da biyar yana zaune a kan buzu ɗaya. Shekara guda kafin wannan abin ya faru ma ya ɗora min wani aiki: kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na zura masa zare a allura ashirin, in jera su a jikin 'yar matashinsa. Da na yi ƙorafi, cewa ya yi, "Haƙuri nake koya miki, gidan miji za ki." Na turo baki na ci gaba da zurawa.

Wanda nake so kuma Badruddeen ne, abokin Yaya Ashraf. Ni Deeni nake ce masa. Mai hoto ne, yana da ɗan shago a Jos Jarawa. To a nan matsalar take, don duk duniya ban san abin da Baba ya tsana kamar mai hoto ba.

"Wata uku ina duƙe a kan riga," haka yake cewa, "farin zare a kan farar shadda, sai wani ya zo ya haske ta da wutarsa ya mayar min da ita zanen gado. Wannan ne sana'a?"

Kuma wallahi da gaskiyarsa. Akwai hotuna cike da leda a ɗakin Umma, na angwaye da alhazai sanye da aikinsa, duk fari fat, ba ka ganin ko ɗigon ɗinki.

Na taɓa kai wa Deeni wannan ƙarar lokacin da yake zuwa zance bayan la'asar. Bai yi musu ba. Hularsa kawai ya cire, ya kunna tocilan ɗin 'yar Nokiyarsa.

"Kalli nan," ya ce, ya haska hular gaba da gaba. "Me kika gani?"

"Hula."

Ya mayar da wayar gefe, hasken ya kwanta a jikin hular. Kai! Sai ga kowane zare ya tashi tsaye da 'yar inuwarsa a gefe, kamar kunyoyin dankali da safe.

"Baba bai yi ƙarya ba," ya ce. "Laifin na filashar da ke zaune a kan kyamara ne. Tana dukan riga a fuska, ta kashe inuwa. Ɗinki kuwa da inuwa ake ganinsa. In ka sauke ta ka kai ta gefe, shi ke nan."

"To in ka sauke ta, ya za a yi ta san lokacin da za ta haska?"

Sai ya yi wannan murmushin nasa, ya zaro wasu 'yan abubuwa biyu baƙaƙe daga jaka, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Tiriga yake ce musu. Ɗaya a kan kyamara ake ɗora ta, ɗaya a gindin filasha, ba waya ba igiya a tsakaninsu. Ya danna wadda ke hannunsa, filashar da ya ajiye can bakin ƙofa ta yi wal! Har na zabura. 'Yan Chana ne masu araha, wani abokinsa ya kawo masa daga Legas. Murfin batirin ɗaya ma da salatif ya ɗaure shi, kuma in ya danna sau goma sai ta yi masa gardama sau ɗaya. Na manyan, in ji shi, sai wanda ya tara ya ajiye. Amma yadda yake riƙe su da yatsu biyu yana hure musu ƙura, sai ka rantse zinariya ce. Ranar na koma cikin gida ina jin ba ni da sauran zaɓi, wannan bawan Allah nake so.

Da ya nemi izinin turo magabatansa ta bakin Yaya Ashraf, amsar Baba gajera ce: "Kada in ƙara ganinsa a zaurena."

Na yi kuka har Umma ta gaji da rarrashi ta koma faɗa. Sai dai Yaya Ashraf ya riga ya ba shi aikin hoton bikinsa, kuma ya kafe ba zai canza ba. Da kyar Umma ta shawo kan Baba. Ya kira ni ya ce, "Ya ɗauki hotonsa ya kama gabansa. Ke kuma ko gaisuwa ban yarda ba. Kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ku riƙe wannan "na ji" ɗin, masu karatu, don ita ce ta zame min abin kunya.

Ranar Asabar ce cikin watan Yuli, shekarar 2008. An tashi da ruwa irin na Jos mai shiga ƙashi. A wani ɗakin taro a Daɗin Kowa dangin amarya Sumayya suka shirya walima bayan azahar. Ankonmu atamfa ce kore mai zanen ganye, na ɗaura ɗankwalina ya zauna daram, na yafa wani siririn gyale ruwan ƙwai da Umma ta ce ya cika shara-shara. Da na ji maganarta! Shi kuwa ango, tabarkalla. Rigar da Baba ya yi wata huɗu a kanta ce a jikinsa, fara sol, aska takwas da tambari, tun daga wuya har aljihu. Baba bai taɓa daɗewa a kan riga ɗaya haka ba.

Muna cikin mota saƙo ya shigo. Na ɓoye wayar a ƙarƙashin gyale na karanta.

"Slm. Acaɓa ya zame da ni a hanya, ƙafar sandar da nake kafa filasha ta karye. Ni lfy ta ƙalau. Kar ki damu, kuma kar ki zo kusa."

Na rubuta, "Ka ji ciwo?"

"Gwiwar wando kawai. Ki bi maganar Baba."

Kun ji fa. Shi ma cewa ya yi in bi maganar Baba. Duk abin da ya biyo baya ni na jawo wa kaina.

Ɗakin taron duhu-duhu saboda hadari, NEPA kuma ta yi halinta. Aka zo hoton ango da mahaifinsa. Baba ya tashi yana ɗaure fuska, ya tsaya kusa da Yaya Ashraf. Ina hango Deeni yana waige-waige, ya rasa inda zai kafa filasharsa. Ƙarshe ya ɗora ta a kan farar kujerar roba kusa da wani ginshiƙi. Ni da aka yi wa darasi da hula na san kujerar ta yi ƙasa. Hasken zai taso daga ƙasa ne, ya mayar da su kamar masu ba da labarin aljanu. Kuma wannan ne karo ɗaya tak da rigar Baba za ta tsaya a gaban kyamarar Deeni.

Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni ba. Na raɓe a bayan ginshiƙin, na ɗauki filashar, na ɗaga ta daidai kafaɗar ango, na karkata ta gefe yadda ya nuna min. Deeni ya ɗago, idonmu ya haɗu. Ya ɗan girgiza kai, alamar in ajiye. Na maƙe kafaɗa. Ya haɗiye abin da zai faɗa, ya sa ido a kyamara.

Wal!

Ya duba bayan kyamarar. Na ga fuskarsa ta canza, ya daɗe yana kallo fiye da yadda ya saba. Sannan ya ce, "Ango, ɗan ɗora hannunka na dama a ƙirji, wajen aljihu. Yauwa, haka." Wal! Ya sake ɗauka sau biyu, ya ce an gama.

Ni kuma ina shirin ajiyewa sai na ji muryar Baba: "Ina Fiddausi? Zo ki gaida Alhaji Mai Kuza."

Na shiga uku! In na ajiye a kujera zai ji ƙarar, in na fito da ita a hannu an gama da ni. Sai na cusa ta a hammata, na ja gyale na rufe, na tafi sumui-sumui na durƙusa a gaban tsofaffi shida, abokan Baba tun na ƙuruciya.

"Ina wuni, Alhaji. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Kai, Ishaku, yarinyar nan ta girma. Ga natsuwa, ga..."

Wal!

Gyalena gaba ɗaya ya haske daga ciki kamar fitilar ƙwai. Alhaji ya ja da baya da kujerarsa.

Wal! Wal!

"Innalillahi! Wuta! Yarinya ta kama da wuta!"

Kafin in buɗe baki ya ɗauki jug ɗin zoɓo da ke kan tebur ya juye min tun daga ka. Mata suka yo kaina da salati, wata tana dukan bayana da ɗankwali. Ni kuwa ina durƙushe, zoɓo na bin wuyana, hammatata na ci gaba da walƙiya. Na duba wajen Deeni a fusace, sai na ga kyamararsa a rataye a wuya, hannuwansa biyu a sake. Ba shi ke dannawa ba!

Ashe dangin amarya sun ɗauko nasu mai hoton, wani Cyprian, kuma irin tirigar Deeni ce sak a kan kyamararsa. Abin da ban sani ba sai daga baya, 'yan na'urorin nan suna da lamba ɗaya zuwa huɗu a ciki, da tsinke ake turawa. A kan lamba ɗaya suke fitowa daga kwali, kuma kusan kowa a nan yake barinsu. Duk sanda Cyprian ya danna wa amarya a can ƙarshen ɗaki, tawa filashar ce ke amsawa.

Sai ga shi ya taho da gudu yana dariya. "Oga Deen! Ashe kai ma lamba ɗaya ka bari? Ni ina mamaki, ina danna nawa a can, wuta yana tashi a jikin yarinya a nan! Sori o, sista!"

Filashar ta zame daga hammatata ta faɗo kan cinyata, salatif ɗinta da komai, a gaban kowa. Ban iya ɗaga kai na kalli Baba ba, takalmansa kawai nake gani.

A nan ne Deeni ya yi abin da ba zan manta ba. Ya zo ya durƙusa a cikin zoɓon nan, da yagaggen wandonsa, ya ce, "Baba, kayana ne. Ni ya kamata in karɓa in kashe tun da na gama. A yi haƙuri." Bai ce ni na ɗauka da kaina ba, bai kuma yi ƙaryar cewa shi ya ba ni ba. Baba ya kau da kai. Ya juya ya ce wa Umma, "Rabi, kai ta gida ta canza kaya."

Kwana huɗu Baba bai yi min magana ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Allurai na zura su kamar kullum, ashirin cif, amma da yamma sai in tarar ko ɗaya bai taɓa ba. Wallahi da ya zage ni ya fi min sauƙi. Na tura wa Deeni, "Na ɓata komai ko?" Ya amsa, "Kin riƙe fitila daidai. Sauran na Allah ne." Na karanta ya fi sau talatin.

Ranar Laraba Yaya Ashraf ya kawo albam. Ranar Alhamis da hantsi na ji Baba yana ce masa a waya, "Ka turo min abokin nan naka yanzu."

Na haɗa shayi a faranti don in samu dalili, na zo na laɓe a bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. Kada ku ce komai, na san ba kyau.

Deeni ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga waje, ya zauna a ƙasa can nesa da buzu. Ta gefen labule ina hango Baba da babban hoton a hannu, ya kai shi dab da hancinsa, ya juya wajen hasken ƙofa. Yana bin sa da yatsa a hankali.

Ni ma a daren Laraba na ga hoton a ɗakin Umma, kuma sai da na yi hawaye. Rigar ta fito kamar ka taɓa. Kowace aska da bakinta, tambarin ya zagaye kamar an ɗora shi, farin zare ya rabu da farar shadda sarai. Shekara talatin da biyar, sai yau aikin Babana ya shiga hoto.

"Da wane abu ka yi wannan?" Baba ya tambaya.

Deeni ya zaro tirigar ya miƙa da hannu biyu. Baba ya jujjuya ta, ya shafa salatif ɗin.

"Wannan abin wasan yaran?"

"Shi ne, Baba. Aikinsa kawai ya ba ni dama in kai haske gefe. Ɗinkin ne ya yi sauran."

Baba ya miƙa masa abarsa. Can ya ce, "Na ji ka ce wa Ashraf ya ɗora hannu a aljihu. Kafin nan ka ɗauki ɗaya ba hannu. Ba ya cikin albam. Ina yake?"

Deeni ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake, yaro."

Ya buɗe jakarsa a hankali, ya ciro wata ambulan daban, ya miƙa. Baba ya zare hoton, ya kai shi fuska, yatsansa ya tafi kai tsaye wajen aljihu kamar ya san hanya. Ya tsaya a nan.

"Layi uku sun karkace," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Nan kuma na tsallake gida biyu. Na ji a hannuna lokacin da nake yi, amma na duba na duba ban gani ba." Ya ajiye hoton a cinya. "Shekara guda ke nan ramin allura ya ɓace min. Yanzu zaren ma ya fara."

Farantin ya kusa suɓuce min. Allura ashirin! Kullum da safe ina turo baki, ina cewa Baba ya cika takura, ashe Babana ne ba ya gani. Na toshe bakina da gefen hijabi, hawaye na zuba a kan kofin shayi.

"Wa ka nuna wa?" Baba ya ce.

"Babu kowa. Ni na wanke shi da kaina, ban bar shi a hannun masu wankin hoto ba."

"Ashraf fa?"

"Bai sani ba."

"Ita Fiddausin fa?"

"Ba ta sani ba, Baba. Ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Ka san da wannan a hannunka, da ka so, da ka rama abin da na yi shekaru ina faɗa a kan masu hoto."

"Baba, mutum ɗari uku ne a ɗakin nan, ba wanda ya gani. Ni ma ba idona ba ne, fitila ce. Kuma layi ukun nan, ban san wani a garin nan da zai iya yin irinsu ba ko da idonsa biyu garau."

Ni dai a bayan labule na ce a raina, ya Allah, in ba wannan ba, na haƙura da aure.

Baba ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Wane ne babba a gidanku?"

"Kawuna ne, yana nan Jos Jarawa."

"Ka ce masa gobe Juma'a bayan la'asar ina gida."

Deeni ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Ke kuma Fiddausi," Baba ya ce ba tare da ya juyo ba, "fito. Tun ɗazu nake jin ƙarar awarwaronki a jikin faranti. Shayin ma ya huce."

Na fito ina jan ƙafa, fuska jage-jage. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min."

"Wanne? Na walima ko na laɓe?"

"Duka. Da na allura."

Baba ya gyara zama. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo tsohuwar akwatin ƙarfen nan da ba ya bari kowa ya taɓa, ya buɗe. Ƙamshin kafur ya cika zauren. Riguna ne a ninke, waɗanda ya ɗinka wa kansa tun yana saurayi bai taɓa sayarwa ba. Ya ɗauko ta sama ya warware ta a kan buzu, yana lallashin wuyanta da tafin hannu.

"Ka zo da fitilar taka?"

"Tana jaka, Baba."

"Ka canza mata lambar?"

Deeni ya yi murmushi. "Tun ranar. Tana kan uku."

"To ba ta ta riƙe, tunda ta iya." Ya juyo wajena, idanunsa suna neman fuskata, suka sauka ɗan gefe da inda nake. "Goma sha ɗaya ne a ciki. Ki riƙe da kyau, Fiddausi. Ina so in gan su tun ina iya gani."

Na share hawayena, na karɓi filashar da hannu biyu, na ɗaga ta gefe daidai wuyan rigar.